Kaji Ukun da Na Kai Durba

Tun da na dawo daga Damagaram ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na zauna a ƙofar masallaci sai a ce, "Malam Haruna, yaya ƙasar waje?" In na shiga kasuwar Rano, mai facin keke ma sai ya ajiye aikinsa ya tambaye ni ko gaskiya ne an sa mini kayan 'yan sama jannati. Alhaji Bala mai taki kuwa yana ta yaɗawa wai an ba ni digiri a kan agwagi. To ga shi na rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ko a karanta masa, a bar ni in huta. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya yi haƙuri. A aji huɗu na bar firamare, kuma har yau ina ganin makarantar ce ta yi asara.

Sai dai in gaya muku tun yanzu, labarin ba shi da daɗin da kuke zato. Kafin motar ta tashi akwai abin da ya kamata ku sani, don da shi na tafi, a ƙirjina ya zauna har can.

Kun tuna sanyin da murar tsuntsaye ta shigo mana Zinyau. Ta fara daga gidan gonar bakin titi, sannan ta faɗo cikin gari, kaza tana kiwo da safe, da azahar ka tsince ta a gindin rumbu. Ma'aikatan dabbobi suka zo, mai unguwa ya sa aka yi shela: jibi za a bi gida gida a kashe duk wani abu mai fuka-fuki a binne, kuma kada wanda ya fitar da ko ƙwai ɗaya daga gari.

Ni ina da kaji uku, durgu, masu gajerun ƙafafun nan. Jikokin jikokin kazar da matata marigayiya Binta ta shigo da ita gidana ne. 'Ya'ya duk sun yi aure sun watse, abin da ta bar mini mai motsi a tsakar gida ke nan. Washegari bayan sallar asuba na sa su a kwando, na rufe da harawa, na ɗaure a bayan babur, na bi ta hanyar gonaki na kai wa yayata Dije a Durba. Na ce na kawo mata kiwo. Kun san a wurinmu in ɗan'uwa ya kawo maka kiwo ba ka tambayarsa dalili. Ka karɓa ka sake su cikin naka, in sun ƙyanƙyashe a raba. Haka ta yi. Ban gaya mata komai ba. Jar cikinsu tana ɗan gyangyaɗi, na ce wa kaina jijjigar hanya ce.

Ba a rufa mako ba kajin Yaya suka fara zubewa, zabinta suka bi, sannan na maƙwabta. Ma'aikatan dabbobi masu fararen kaya suka shiga Durba suka yi abin da suka yi a Zinyau. Yaya ta girme ni da shekara shida, mijinta ya daɗe da rasuwa, da ƙwan zabi da daddawa take riƙe da kanta. Kowa a unguwar ya san daga gidanta abin ya tashi. Na ji labari mata sun daina aikowa sayen daddawarta, wai gidan ne ke da cuta. Ni kuwa ko jaje ban je ba. Aikawa na yi a gaishe ta, na ce ƙafa ke damuna.

Ana cikin haka wata likitar dabbobi daga Kano, Dakta Rabi, ta zo neman wanda ya iya kama agwagin daji da rai. Bincike take yi kan yadda cutar ke tafiya daga wuri zuwa wuri. Aka ce mata ai sai Malam Haruna, don ni kaɗai na rage a yankinmu da ke ɗana asuta, tarkon nan na gashin wutsiyar doki da ke kama tsuntsu a ƙafa ba tare da ya ji masa ciwo ba. Na yi mata aiki a fadamunmu, aikin ya yi mata. Sai ta ce abokan aikinta na Nijar sun gayyace ta wani tafki gabas da Damagaram inda tsuntsayen ke sauka, ko zan raka ta? Na ce zan je, don a taimaki ilimi. Gaskiyar magana gudu nake yi.

Mu uku ne a motar: ni, Likita, da direba Isiyaku, mutumin Bunkure mai furfura a gemu, wanda ke gaisawa da kowane rami a titi kafin ya faɗa masa. A baya akwai kula biyu manya cike da ƙanƙara. Na ɗauka lemo ne na hanya, ashe gidan majinar agwagi ne.

Mun wuce Kano da hantsi, muna kan hanyar Daura sai Likita ta buɗe kwamfutarta ta juyo da ita wajena. Taswira ce, ga ɗigo ja a Zinyau, ga wani a Durba.

Ta ce, "Baba, ƙwayar cutar nan dangi gare ta kamar mutane. In ta hayayyafa, 'ya'yan suna ɗauke da alamar iyayensu, kamar tsagar fuska. Akwai na'urar da ke karanta alamar. Ta Zinyau da ta Durba uwa ɗaya uba ɗaya suke. Abin da ya hana ni barci shi ne, yaya aka yi ta tsallake duk ƙauyukan da ke tsakani ba ta taɓa ko ɗaya ba?"

Na ce, "Wataƙila 'yan'uwa gare ta a can, ta je zumunci."

Isiyaku ya yi dariya har ya manta ya gaida wani rami. Likita ma ta yi murmushi, ta ce zatonta kirinjijiya ce, agwagwar nan mai farar fuska mai fito, ta tashi daga fadamarmu ta sauka a tasu. Na juya ina kallon gonaki.

A Kwangwalam ne iyaka. Ni duk zatona katanga zan gani da ƙofa irin ta birni. Ashe sanda ce aka gitta a titi, akuya na wucewa ta ƙarƙashinta ba wanda ya tambaye ta takarda. Ni da aka yi mini kati da hoto, hoton da na fito kamar wanda aka tasa daga barci, sai da aka dube ni aka dubi katin sau uku. Wani jami'i ya buɗe jakata ya zaro asuta, ya riƙe ta da yatsu biyu can nesa da jikinsa.

Ya ce, "Baba, wannan fa? Asiri za ka kai musu?"

Na ce, "Kayan aikin kimiyya ne, ranka ya daɗe. Ka riƙe a hankali, ba a samun irinsa a Turai."

Muna jiran a buga mana hatimi sai na ga wata mata tsaye a gefe da kwando a gabanta, kaji biyu a ciki. An hana ta wucewa da su. Tana ta rantsuwa lafiyarsu ƙalau, 'yarta ce ta haihu a wancan gefen, farfesu za ta yi mata. Tana magana tana share ido da bakin mayafi. Na ce wa Likita ai wannan tsanani ya yi yawa, kaji biyu kacal. Ta ce ita ma tana jin tausayinta, amma kwando ɗaya ya isa ya kwashe gari. Ta faɗa ne kawai tana neman biro a jakarta, ba ni take kallo ba. Ni na ji kamar an kira sunana a kotu.

Da muka tsallaka na zuba ido in ga ƙasar waje. Gero irin namu, jakuna irin namu, Hausa irin tamu sai dai sun zuba mata Faransanci kamar an zuba wa kunu tsamiya. Likita ta koma Lokotoro. A Matamaye aka kawo mana burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri, na gatsa sau ɗaya na ji haƙorina na ƙarshe na gefen dama yana yi mini ban kwana. Sai da na jiƙa shi a shayi. Shayin kuma a ɗan ƙaramin kofi kamar na awon magani, ka shanye a kurɓi ɗaya ka miƙe, a ce a'a zauna, saura na biyu da na uku. Mutanen nan ba sa gaggawa. Amma kwaɗon zogalensu, wanda suke kira kwabto, ban ga laifinsa ba, kuma kilishinsu in na ce bai fi namu ba na yi ƙarya. Kada dai wanda ya gaya musu.

A Damagaram aka sauke mu a wani masauki, kowa da ɗakinsa. Ana tsakiyar sanyi amma an kunna na'urar sanyaya ɗaki, na nemi inda ake kashe ta na rasa. Da safe Isiyaku ya same ni a kan tabarmar salla, sanye da riguna uku da hula, na lulluɓa da labulen taga. Ya ɗauki wani ɗan abu a kan tebur ya danna, ta yi shiru. Na ce masa ai na sani, gwada ƙarfin injin nake yi.

Tafkin yana Gidimuni, wurin dabino da rake. A can muka haɗu da likitocinsu, suka kuma haɗa ni da wani tsohon masunci, Malam Mamman, wai shi ya san inda tsuntsaye ke kwana. Yana jin daga ƙasar Kano nake ya tafa hannu.

Ya ce, "Wa ya kawo mana Bakano bakin ruwa? Jama'a ku ƙirga agwaginku, kafin la'asar sun isa kasuwar Kurmi!"

Na ce, "Bawana, haka ake tarbar ubangida? Ina ruwan sha?"

Ya ce, "Ga tafki nan, sunkuya."

Kun san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa, daga nan muka ƙulle. Aka sa mana fararen kaya daga kai har ƙafa, da safar hannu, da takunkumi, da takalman roba da suka fi ƙarfina. Mamman ya dube ni ya ce likkafani ne mai hannu, in na faɗi a nan ba sai an wahalar da tela ba. Ban yi taku goma ba laka ta riƙe takalmi ɗaya, na fita daga cikinsa na zauna daɓas a ruwa. Dariyar da ya yi har balbelu suka tashi.

Aikin ga yadda yake. Da sassafe mu ɗana asuta a inda suke kiwo, mu koma cikin ciyawa mu jira. In ta kama, in kwance tsuntsun in riƙe shi, Likita ta sa wani ɗan tsinke mai auduga ta goga masa a maƙogwaro, ta sa wani ta goga a ƙarƙashin wutsiya, ta jefa a 'yar kwalba, a rubuta lamba, a sa a ƙanƙara. Sannan a sake shi ya tafi. Shekara hamsin ina kama tsuntsu, ban taɓa ganin an kama shi an share masa baki an sallame shi ba. Mamman ya ce duk sanda aka saki ɗaya sai ya ji tukunyar matarsa na kuka.

Rana ta biyu ya zo da wani ɗan zobe a ƙulle a tsumma. Ya ce a ƙafar wata ƙaramar agwagwa ya cire shi shekarun baya, bayan sun cinye ta. Ɗaya daga cikin likitocin Nijar ya karanta rubutun da ke jikinsa, ya riƙe kai, ya ce daga wata ƙasa can bayan teku aka sa mata shi. Likita ta ce mini irin waɗannan su ke iya ɗauko cutar daga nesa, su sha ruwa ɗaya da na gida, na gida su kai ta gaba. Mamman ya ce to shi dai ya ci baƙuwa bai sani ba, Allah ya yafe masa.

Da muka zauna cin dabino sai ya daina wasa. Ya ce su ma cutar ta taɓa shigo musu, kuma tun da aka ce tsuntsayen daji ne, samarin garin suka riƙa cinna wa ciyawar bakin tafki wuta, inda suke ƙwai. Ya ce, "Na gaya musu, ni shekarata saba'in a bakin ruwan nan ban taɓa ganin kirinjijiya ta shiga gidan mutum ta kwana da kajinsa ba. Amma wa zai ji maganar masunci?"

Rana ta uku asuta ta kama kirinjijiya. Na kwance ta na riƙe, fuka-fukan a tafin hannuna, ina jin zuciyarta tana bugawa ta cikin safar, da sauri da sauri. Likita ta matso da tsinkenta tana cewa in wannan ta nuna alama irin tamu, to za ta rubuta cewa mai yiwuwa su ne suka kai cutar Durba. Na tuna fadamarmu da samarinmu, su ma suna da ashana.

Na ce, "Likita, ba ita ba ce."

Ta ce, "Ba a sani ba tukuna, Baba, sai an auna."

Na ce, "Na sani. Ni ne. A kwando, a bayan babur."

Na gaya mata duka, tun daga shela har harawa. Ba ta yi faɗa ba, na fi so a ce ta yi. Ta gama goga wa tsuntsun, ta rufe kwalba, ta rubuta lamba, ta ce in sake ta. Na sake ta. Sai ta zauna a kan kula.

Ta ce, "Wata biyu, Baba. Wata biyu ina bin agwagwa cikin laka."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ba aikin banza ta yi ba, abin da ta tara zai yi amfani, kuma abin da na faɗa ya fi mata kwalba ɗari. Daga ƙasa zuwa ƙasa fuka-fuki na iya kawo ta, amma daga ƙauye zuwa ƙauye yawanci kwando ne, da tayar babur, da tafin takalmi. Ta tambayi ranar, da hanyar da na bi, da ko na tsaya wani wuri. Ta ce za ta rubuta ba tare da sunana ba. Sannan ta cire takunkuminta ta dube ni.

"Ita Yayar taka ta sani?"

Mamman da ke tsaye yana jin komai bai tsokane ni ba, har muka tafi bai sake ce mini Bakano ba. Ranar komawa ya cika mini leda da dabino ya ce in kai wa tsohuwa.

Hanyar dawowa ba abin da zan ba ku labari. Burodin bai yi laushi ba, ramukan suna nan inda Isiyaku ya bar su. Na ce kada a kai ni Zinyau, a sauke ni a Kibiya. Daga nan na hau babur ɗin haya zuwa Durba.

Na yi sallama na shiga. Gidan ya yi tsit, tsaba a zube a gindin turmi ba mai tsinta. Yaya tana zaune a kan tabarma tana tsince kalwa. Ta rame.

Ta ce, "Auta, an dawo daga yawon duniya? Yaya ƙafar?"

Na ajiye dabino, na tsuguna, na fara magana. Ban kai rabi ba ta ɗaga hannu.

"Jar nan tun kana sauke ta idonta a lumshe yake. Na gani. Kuma labarin Zinyau ya riga ka zuwa, mai kawo mana manja ya faɗa."

Na ce, "To don me kika karɓa, Yaya?"

"Kajin Binta ne. Kuma yaushe rabon da ka kawo mini wani abu ka ce in riƙe maka? Na ce ko Allah zai sa su tashi."

"Da aka ɗora miki, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In ce wa? In ce ƙanena?" Ta ci gaba da tsintar kalwarta. "Ba kajin ne suka fi yi mini ciwo ba. Maƙwabciyata Lami da ta daina yi mini magana, ita ma ta leƙo ta katanga ta ce Allah ya mayar da alheri. Kai na yi ta sauraron babur ɗinka."

Bayan sallar la'asar na miƙe a masallacin unguwarsu na ce a ɗan dakata. Na faɗi abin da na yi, na ce Dije ba ta da laifi, ni na kawo. Wasu suka ce Allah ya kiyaye gaba. Mijin Lami ya sa takalminsa ya fita ban gama ba, kuma ban ga laifinsa ba. Liman ya ce a gaya wa mata a gida. Ko sun koma sayen daddawar, wannan sai a hankali, wasu sun koma, wasu sun saba da wani gidan.

Na koma na ce wa Yaya in an ɗage dokar zan kawo mata 'yan tsaki masu lafiya, Likita za ta duba su da kanta, da ƙwan zabi a sa wa kaza. Ta girgiza kai. Ta ce shekarunta sun wuce fara kiwo daga tsaki.

Ta ce, "In kana son ka yi mini wani abu, ga fartanya can. Rushe mini akurkin nan. Na gaji da leƙa shi kullum da safe."

Da hannunta ta gina shi, har yanzu da shaidar yatsunta a jikin yaɓen. Na tuɓe riga na fara sara. Ginin ya yi ƙarfi, ya ɗauke ni har rana ta yi ja, ina yi ina hutawa. Ita ta juya mini baya tana tsintar kalwa, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Da na gama ta ce in kwashe ƙasar in zuba a bayan ɗaki, inda ruwan sama ke cin katanga. Na kwashe.